Shukar Tsauni a Barandar Ikilima

Ain Khaled, Doha
Farkon Fabrairu

Anti Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi daga 'yarki Ikilima, 'yar Atine. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin da Abba ya ba mu labari bai takura miki ba. Mu nan lafiya lau. Umma ta yi mura amma ta warware, Abba kuwa tun washegarin da ya sauka ya koma asibiti bakin aiki.

Na san za ki yi mamakin ganin hoton takarda a wayarki maimakon murya. Umma ta ce in kira ki in yi godiya. Na riƙe wayar har ta yi ɗumi a hannuna, na kasa. Ni haka nake, in zan yi magana da babba sai harshena ya yi nauyi, amma a takarda sai in yi ta zuba. Kada ki duba kuskuren Hausata, a littattafan soyayyar Umma na koyi rubuta ta.

Shukar ta iso lafiya. Abba ya ce har takardar shiga ƙasa sai da kika yi mata kamar mutum. Da ya ajiye tukunyar a tebur ya ce, "Ga tsarabarki daga 'yar Goggon Ummanki," sai da na waiga in ga ko da wani yake. Rabona da ke tun bikin Zariya ina 'yar shekara shida. Ban zaci kina tuna sunana ba.

Umma ta kalle ta ta ce, "Yanzu wannan guntuwar tsintsiyar aka ɗauko tun daga Turai?" Amma da na shiga kicin na dawo, na same ta ta sa tabarau tana leƙa ta. Ganyenta kamar ƙananan allurai ne kore shar. Furannin ruwan hoda ne, kowanne da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa, sun jeru duk suna kallon ƙasa kamar amaren da aka ce su ɗago kai suka ƙi. Ina ganin shi ya sa muka saba da wuri. Na ajiye ta a baranda, don yanzu garin da daɗi, da safe har sai na sa rigar sanyi. Kafin motar makaranta ta zo nakan je in yi mata sallama.

Kawu Mas'udu ya zo ranar Juma'a daga unguwar Mu'aither, kamar yadda ya saba zuwa cin tuwo bayan masallaci. Abba ya ce masa, "Sa'adiyya ta ce a gaida mijinta, a tambaye shi ko ya koyi wanke ƙafa." Kawu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Matata kenan. A ce mata sai ta zo ta koya mini." Daga baya ya fita baranda ya tsuguna gaban shukar, ya daɗe yana kallonta. Anti, ina lura da shi. Na dai gani.

Don Allah ki gaya mini sunanta, da abin da take so da wanda ba ta so. Tsoron zafin nan nake ji. Idan Yuni ya kama ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ba a taɓa ba ni abu mai rai aka ce nawa ne ni kaɗai ba, kuma ba na so ta mutu a hannuna.

Umma da Abba suna gaisuwa.

'Yarki,
Ikilima


Innsbruck
Ƙarshen Fabrairu

'Yata Ikilima,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, in ban da yatsun ƙafata da tun Disamba ban san ko suna nan ba. Ki yi wa Yaya Atine sannu da jiki, ki gaida Abbanki Dakta. Ki ci gaba da rubuto mini a takarda. Duk wanda na sani murya yake turowa, rabinta kuma kukan yara ne da ƙarar injin markaɗe.

Yaya za a yi in manta ki? Ke ce yarinyar da ta ɓace ranar kamu aka yi ta cigiya, ni na gano ki a bayan buhun gero kina kallon tururuwa.

Sunanta Erika. Haka mutanen nan suke ce mata, sai ka ce wata malamar asibiti. A kanta da danginta nake wannan karatun da ya hana ni komawa gida. Taki a wurin masu sayar da shuke-shuke na saya, amma asalinta can saman tsauni ne, inda iska ke kaɗawa ta hana komai tsayi. Ita dabararta ita ce ta kwanta. Da ƙyar take wuce idon sawu, sai dai ta yi ta yaɗuwa a kan dutse kamar tabarma. Dusar ƙanƙara takan rufe ta wata da watanni, ita kuwa tun kafin sanyin ta riga ta shirya furanninta tana jira. Da ƙanƙarar ta ɗan tsage sai ki ga ruwan hoda a tsakiyar fari. Ranar da na fara gani, zama na yi a kan dutse ina hawaye, malamina ya taho da gudu ya zaci faɗuwa na yi.

Ga yadda za ki yi da ita. Kada ƙasarta ta bushe ƙayau, kada kuma ta kwana cikin ruwa. In furannin suka bushe ki ɗan aske su da almakashi. Da zarar zafi ya fara ki shigo da ita ɗaki kusa da taga, inda esi ke aiki amma iskar ba ta dukanta kai tsaye. Kada ki sa mata komai da sunan abinci, da talauci ta saba. Gaskiya ban ce za ta ji daɗin Doha ba. Dakta ne ya ce kina yini a ɗaki ke da littafi, na ce to bari in aika abokiyar zama. Babu abin da take bukata kamar mutum mai haƙuri wanda ba ya gajiya da jira.

Shi kuma mijin nawa, ki ce masa saƙonsa ya iso. Ki ce ina nan ina jiran sa, in ya ga dama ya tsufa a bakin sitiyari. In ba ni ba wa zai kwashe shi?

Daga watan Afrilu za mu koma wani ɗakin katako a saman tsauni don aikin awo, kuma can waya ba ta kamawa. In kin ji ni shiru, ba komai ba ne.

Antinki,
Sa'adiyya


Ain Khaled, Doha
Tsakiyar Afrilu

Anti Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kin hau tsaunin lafiya kuma ɗakin katakon yana da bargo. Muna lafiya. Jarabawa muke yi, lissafi ya ba ni wuya, sauran da sauƙi.

Furannin Erika sun bushe a ƙarshen Maris, na aske su yadda kika ce. Ina yi ina ba ta haƙuri. Da zafi ya fara na shigo da ita ɗakina, ta zauna a bakin taga, har ta yi sababbin tsiro masu haske a kan rassanta. In ina karatu da yamma nakan karanta mata wuraren da suka fi daɗi, a hankali don kada Umma ta ji.

Yanzu ga maganar da na daɗe ina juyawa. Anti, na gane. Kada ki ji kunyata, ba wanda na gaya wa.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta. Kin ce Erika tana bukatar mai haƙuri wanda ba ya gajiya da jira. A ƙarƙashin wannan layin, babu komai a tsakani, sai kika ce kina nan kina jiran Kawu. A duk littattafan da na karanta, mace mai kunya ba ta aika wa namiji abu kai tsaye. Ƙanwa take ba, ko 'yar ɗaki, ita kuma in tana da hankali sai ta gane inda aka dosa. Na ji haushin kaina da na daɗe ban gane ba, na zauna ina ta murna da abin da ajiya aka ba ni.

Da na isar masa da saƙonki, tsayawa ya yi da loma a hannu ya ce, "Haka ta ce? To ki ce mata na kusa." Umma da Abba suka yi dariya, amma ni na ga yadda ya sunkuyar da kai. Kuma in haƙuri ne, Kawu yana da shi. Shekara nawa yana jigilar ma'aikatan kamfani tun asuba, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba.

Saboda haka Juma'ar da ta wuce, da zai tafi, na ɗauko tukunyar na bi shi har mota. Na yi ta maimaita maganar a zuciyata a kan bene don kada ta gudu. Na ce, "Kawu, taka ce. Anti ta ce a ba mai haƙuri." Na san ba daidai haka kika faɗa ba, amma ai shi kike nufi. Ya kalle ni ya kalli tukunyar ya ce, "Ni? Ikon Allah." Ya ajiye ta a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaura mata.

Na so in gaya masa dokokinta, sai na tuna Kawu ɗan manomi ne. A bayan ɗakinsu yana da rama da yakuwa da tattasai a cikin yankakkun jarkoki, duk ramar da muke ci daga can take. Wace ni in koya masa shuka?

Umma na ce mata na ba Kawu ne ya riƙe, ta ce to. Tukunyar ta bar zagayen shaida a bakin taga, ban goge ba. Wani lokaci nakan juya in yi mata magana sai in tuna. Amma ina jin irin daɗin nan da ake ji in an rufe littafi an san kowa ya samu nasa.

'Yarki mai riƙe sirri,
Ikilima


Ain Khaled, Doha
Ƙarshen Mayu

Anti Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kin ce waya ba ta kamawa, na sani, amma kullum sai na duba ko wasiƙata ta shiga. Mu lafiya muke, an gama jarabawa. Ni ce dai ba na iya cin abinci sosai tun jiya.

Jiya Abba zai kai wa Sagiru magani, abokin zaman Kawu da ciwon baya ke damu, sai na ce zan raka shi. Abba har ya yi mamaki. Muka je Mu'aither bayan la'asar, amma iskar kamar an buɗe murhun burodi.

Kawu ya ji daɗin ganina. Ya ce, "Zo ki ga mutuniyar." Ya zagaya da ni bayan ɗaki. Anti, a waje take. Tana tsakanin jarkokin rama, an yi musu rumfa da buhu. Gefe guda nata ya koma ruwan ƙasa. Da na ɗan taɓa reshe, ganyen ya zubo mini a tafin hannu.

Kawu ya ce, "Na ga ba ta girma ne. Duk ramar da na shuka bayan zuwanta ta wuce ta, ita tana nan kwance. Na ce wannan yunwa ce, Turawa ba su ba ta abinci." Sai ya nuna mini. Ya samo takin tumaki daga kasuwar dabbobi ya zuba mata, kuma duk ranar da suka yi gashi sai ya tara tokar gawayin ya barbaɗa a gindinta, wai haka Kaka yake yi wa albasa.

Sagiru ya leƙo ta taga ya ce, "Ai amaryar Mas'udu ce. Kafin ya sha ruwa sai ya ba ta. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi bai taɓa tambayarmu ko mun ci ba."

Kawu ya ce, "Kai in aka zuba maka taki ma ba za ka yi kyau ba." Sannan ya juyo ya tambaye ni, "Ya kika gan ta?"

Na ce, "Ta yi kyau, Kawu."

Abin da ya fito daga bakina kenan. Maganarki tana kaina, cewa da talauci ta saba, cewa kwanciyar ita ce dabararta, amma yana tsaye yana murmushi da zufa a goshinsa, na kasa.

Anti, ki gaya mini yadda zan yi. In na karɓo ta, na shiga tsakaninku, kuma zai zaci kin fasa ne. In na bar ta, ba za ta kai Yuli ba. A littafi ban taɓa ganin inda 'yar aike ta koma ta ce a ba ta kayan ba.

Ki amsa da zarar kin gani.

Ikilima


Ikilima,

Yanzu wasiƙunki biyu suka shigo tare. Ki je ki karɓo ta yau, kada ki jira Juma'a. Ban aika wa Mas'udu komai ba. Ki kwashe tokar da takin, ki yi ta zuba ruwa yana fita ta ƙasa, ki sa ta ɗaki. Ki nuna wa Ummanki abin da kika rubuto mini. Sauran magana sai na sauko.

Sa'adiyya


Ain Khaled, Doha
Farkon Yuni

Anti Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, in kina amsa gaisuwata. Na ga ba ki ce "'yata" ba, ba ki ce a gaida kowa ba. Na san na ɓata miki rai, kuma kina da gaskiya. Muna lafiya. Erika tana ɗakina, ban san ko tana da rai ba.

Na yi yadda kika ce, na kai wa Umma takardun tana tsinke zogale. Ta karanta ta farkon, ta kai rabi, sai ta ajiye tiren. Na zaci faɗa za ta yi. Anti, dariya ta yi har ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zane.

Ta ce, "Ikilima, ba ki san taubasai ba? Ɗan mace da ɗan namiji? Babanmu da Goggo uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wasa ne tsakaninmu da Sa'adiyya tun kafin a yaye ta. Tana 'yar mitsitsiya take ce masa mijinta don ta ƙwace masa rake. Ni ma in mun haɗu ba ta raga mini."

Na ce na san kalmar, amma a littafi duk waɗanda suka fara da tsokana da aure suke ƙarewa. Ta ce, "Laifina ne da na raine ki a bene, ba ki ga dangi suna cin naman juna ba." Da ta gama dariyar sai ta ce, "To, ke kika kai, ke za ki karɓo. Ni ba zan kira shi ba."

Abba ya kai ni. A hanya na yi ta addu'a Allah ya sa Kawu ba ya nan in ɗauka kawai. Yana nan. Muna zagayawa baya na gan shi tsugune da gwangwanin toka a hannu, ya riga ya karkata shi.

Na ce, "Kawu, kada ka zuba."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga Abba ya juyo. Kawu ya tsaya. Sai sauran maganar ta biyo baya da kanta. Na ce ba yunwa take ji ba, haka Allah ya yi ta gajeriya, a kan dutse take rayuwa cikin ƙanƙara, toka da rana kashe ta suke yi. Na ce kuma ba ke kika ce a ba shi ba, ni ce na zaci.

Ya ajiye gwangwanin a hankali. Ya kalli Erika, na ga abin ya taɓa shi. Ya ce, "Ashe da hannuna nake ƙona ta." Can kuma sai ya ce, "Wato matar tawa ko tsinke ba ta aiko mini ba? Dakta, ka ga irin auren da nake ciki." Abba ya yi dariya, Sagiru ma daga ɗaki.

Da ya ɗauko mini tukunyar zuwa mota, Abba yana can yana sallama, sai ya rage murya ya ce, "Ni na san Sa'adiyya, in za ta aiko mini abu to barkono ne. Na karɓa ne don tun da kika yi wayo ba ki taɓa yi mini magana mai tsawon ta ranar nan ba. Na ce in na mayar miki, ba za ki ƙara ba." Ya rufe ƙofa ya buga saman motar ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku tafi kafin ta dahu."

Na kwashe tokar da cokali, na yi ta zuba ruwa a banɗaki har ya daina fitowa baƙi. Fiye da rabinta ya bushe. Ki yafe mini.

Ikilima


Innsbruck
Tsakiyar Yuni

'Yata Ikilima, 'yata, 'yata,

Ga su nan har uku, na biya na wancan karon. Wa alaikumus salam. Na sauko lafiya, fuskata ta ƙone da ranar tsauni, in kin gan ni sai ki rantse a Sakkwato na yi noma. Ina gaida Yaya Atine, ki ce mata ta tashi daga ƙasa haka nan.

Ba fushi na yi ba. Waccan takardar a tsaye na rubuta ta a kan wani dutse, wurin kaɗai da waya ke kamawa, batir yana ja, abokan aikina suna kira hadari ya taso. Na ga kalmar toka, sai na manta da gaisuwa. Dariyar kuwa sai da na koma ɗaki na yi ta, har wata 'yar ajinmu ta kawo mini ruwa.

In akwai mai laifi, ni ce. Na aika wasan gida ta hannun yarinyar da ba ta tashi a gida ba. Mas'udu ɗan uwana ne, ina son sa kamar idona, amma ko ɗaura mini shi aka yi a ƙafa sai na kwance. Kuma ki saurara da kyau, tunda ke mai karanta abin da ke ƙarƙashin layi ce: a wannan layin babu komai a ƙarƙashi. Ke na saya wa Erika. Na tsaya a gaban tukwane da yawa ina tunanin yarinyar bayan buhun gero, na zaɓi wadda ta fi sunkuyar da kai.

Yanzu aiki. Saiwoyinta sirara ne kamar gashi, shi ya sa taki da toka suke ƙona su. Ki kankare bawon kowane reshe kaɗan da farce. In kin ga kore a ciki, ki bar shi. In ruwan ƙasa ne har ciki, ki yanke, kada ki ji tausayi. Ki sa Dakta ya kai ki wurin masu shuke-shuke ku sayo sabuwar ƙasa mara nauyi ki canza mata. Ruwan da ke ɗiga daga esi ki tara mata shi, ya fi kama da ruwan da ta sani. Ki duba rassan da suka kwanta a kan ƙasa sosai, wani lokaci sukan yi saiwar kansu a ɓoye.

Ba zan yi miki alkawarin za ta tashi ba. Amma na taɓa ganin wadda dutse ya danne shekara guda, aka ɗaga aka same ta da rai.

Abin da kika gaya wa Kawunki yana riƙe da gwangwani, ni a shekarunki da ban iya ba.

Antinki,
Sa'adiyya


Ain Khaled, Doha
Nuwamba

Anti Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan rubutun kammala karatun yana tafiya, kuma kin sayi safa mai kauri kafin sanyi ya dawo. Muna lafiya ƙalau. Abba ya ƙara ƙiba, Umma ta ce tuwon Juma'a ne. Na shiga sabon aji, kuma akwai wata yarinya 'yar Sudan da muke zama tare a mota. Ni na fara yi mata magana.

Ki yi haƙuri da 'yan gajerun saƙonnin da na riƙa turo miki a lokacin zafi. Ban so in rubuta doguwar wasiƙa ba sai ina da abin faɗa. Yanzu ina da shi.

Ta tashi, Anti. Ba duka ba. Ranar da na yi yankan, abin da ya rage bai fi a rufe da tafin hannu ba, na zauna ina kallon tarin busassun rassa a kan jarida. Yuli da Agusta ba ta yi komai ba, ba ta mutu ba, ba ta motsa ba. Umma ta ce mu biyun mun dace, kowa ya samu kusurwa ya yi shiru. Sai a ƙarshen Satumba wani reshe da ke kwance a bakin tukunya ya fito da kore a kansa. Na ɗan ja shi a hankali ya ƙi tasowa. Ya kama ƙasa da kansa, yadda kika ce. Yanzu tsiron ya bazu ta wannan gefen, ɗaya gefen kuwa har yau fili ne. Ban ga alamar fure ba, ina jin bana babu. Ban damu ba. Shekaranjiya garin ya yi sanyi, na mayar da ita baranda.

Maganar ku da Kawu na yarda wasa ne. Na yarda ɗari bisa ɗari. Sai dai na lura har yanzu in an ambaci sunanki yakan gyara hula, amma wannan ni da Erika kawai muka sani.

Jiya bayan tuwo ya fito baranda ya same ni. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya sa hannuwansa a baya kamar mai kallon jaririn mutane. Ya ce, "Ashe haka take da kyau in an ƙyale ta." Can ya ce ya share bakin tagarsu ta ciki, ya kori takalman Sagiru daga wurin, esinsu ma an gyara. Wai ko in ta ƙara ƙarfi zan yanka masa ɗan reshe ɗaya ya gwada.

Na ce ba yanzu ba.

Ya ce, "To sai yaushe, ranki ya daɗe?"

Na ce sai na je na ga tagar da idona.

Ya ce to.

Umma tana gaishe ki, ta ce in kin isa ki zo Doha ki faɗa mata maganar tashi daga ƙasa a gabanta.

'Yarki,
Ikilima